Kunnen Matafiyi

A Faransanci kalma guda ce, musique, ke ɗauke da duk wani sauti da aka tsara domin kunne. Bahaushe bai yi wannan dunƙulewa ba. A wurinsa akwai kiɗa, akwai busa, akwai waƙa, sannan akwai roƙo, wato sana'ar da ta ɗaure sauran ukun wuri guda, ta kuma ciyar da masu yin su. Kowace shekara sai wannan bambanci ya tsayar da ni a aji, kasancewar da safe ina koyar da harshen da ya haɗe su, da hantsi kuma in shiga wani ajin da harshen da ya rarraba su. Ɗalibai sukan ɗauka giɓi ne a Hausa, su nemi a ƙirƙiro kalma a cike shi. Ni dai ban ga giɓi ba. Abin da na gani shi ne, a ƙasarmu kafin a tambayi ko kiɗa ya yi daɗi, sai an fara tambayar na wane ne.

Duk wanda ya tashi tsakanin Tasawa da Mayahi ya san amsar tun bai shiga lakwal ba. Kalangu na mahauta ne tun asali, ko da yake ƴanmata sun ja shi zuwa dandali. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma ba ta fita sai an kira gayya, kuma wanda bai taɓa ganin samari sun jera da hauya a gonar jigawa ba, makaɗi na biye da su yana kiran kowa da takensa, ba zai gane yadda fata da itace ke ƙara ma damtse ƙarfi ba. Goge da garaya na ƴan bori ne, ƙwarya da shantu na mata a cikin gida. Tambari da kakaki kuwa na sarki ne shi kaɗai, attajiri ko ya fi kowa dukiya ba a busa masa kakaki. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, da sarakunan Katsina da na Gobir suka hauro arewa suka zauna a Maraɗi da Tsibiri, tare da makaɗansu suka zo, kuma Tasawa na cikin wannan tarihi. Don haka abin da ake ji a ƙofar fada ranar hawan salla tsohon abu ne ƙwarai. Har yanzu, in na samu hali, kusa da mai algaita nake tsayawa, in zuba ma kumatunsa ido: yana shaƙar iska ta hanci alhali bai daina hurawa ta baki ba, shi ya sa muryar algaita ba ta yankewa sai ya ga dama.

Mai saurare a nan yana cikin kiɗan ne tsundum. Makaɗi ya hango ka daga nesa, ya matse tsarkiyar kalangu a hammata, fatar ta ɗaga murya ta sauke kamar yadda harshe ke yi, sai ka ga jama'a sun juyo suna dubanka, domin an kira ka da sunan kakanka ba tare da an buɗe baki ba. Daga nan hannu zai tafi aljihu. Abin da ka bayar sanƙira zai ɗaga shi sama ya sanar, ya ƙara masa gishiri, mata su rangaɗa guɗa, waƙar kuma ta karkata ta ɗauki sabon baiti da babu shi a cikinta jiya. Wanda ya hana, shi ma yana da rabonsa na habaici. Da wannan kunne na tashi, kuma da shi na yi duk tafiye-tafiyen da Allah ya nufe ni da yi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne. Bai taɓa zuwa wurin kiɗa ba, amma in rediyon Kaduna ta sako Narambaɗa ko Ɗanƙwairo da dare sai ya ce a rage surutu, ya ajiye carbi a cinya. Yakan ce waɗannan hikima gare su, sai dai da za a ce ɗan ɗayansu ya zo neman auren ɗiyarsa, na san amsar da zai bayar. Wannan hali na son waƙa da raina mawaƙi ya game ƙasar Hausa duka, kuma yana cikin dalilan da suka kawo mu inda muke yau. Na kuma riski ƙarshen zamanin samariya ina yaro, lokacin da kowace unguwa ke da ƙungiyar rawa da waƙa da wasan kwaikwayo, ana gasa daga gari zuwa jaha har a kai ga bikin matasa na ƙasa, wanda ke zagaya manyan birane. Yabon gwamnati ya yi yawa a waƙoƙin wancan lokaci, wannan gaskiya ne. Amma da samariya ta watse bayan babban taron ƙasa na 1991, ba a kafa komai a gurbinta ba.

Tafiyata ta farko mai nisa ita ce ta Yamai, kilomita sama da 700 daga gida, domin karatun jami'a. Can na fara ganin kayan kiɗa a kwance cikin gilashi, a gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama. Ga goge da takarda a gefensa, an rubuta cewa ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki. Bayanin daidai ne, sai dai na tsaya a gabansa kamar wanda ya tarar da maƙwabcinsa a kurkuku. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, wadda aka kafa a 1989, domin can ana ɗauko kayan daga rataye a kaɗa su. A can ne Malam Maman Barka ya yi aiki. Malamin lakwal ne kamata, ya yi suna da gurmi, sannan a 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tabkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ake cewa shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram, wani abin kiɗa na Buduma mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya koya, ya zagaya duniya da shi, ya rasu a 2018. Na taɓa ganinsa yana kaɗa biram, abokin aikinsa na buga masa ganga a gefe. Tun daga ranar nake lissafin kayan kiɗan ƙasarmu da rayuwarsu ta rataya ga numfashin tsoho guda.

Opera kuwa sai da aka tura mu horon malaman Faransanci a Faransa na gan ta da idona. A wani gari na kudancin ƙasar ne, aka ce ana nuna Carmen, na sayi tikitin da ya fi araha. Wurin da ya kai ni shi ne bene na can ƙololuwa, kusa da rufi, wanda su Faransawa da kansu ke kira akurkin kaji. Daga nan mawaƙan ba su fi ɗan yatsa ba, amma muryarsu na isowa sarai, babu lasifika, bayan ta tsallake makaɗa kusan sittin da ke zaune a wani rami gaban dandamali. Shirun ne ya fara ba ni mamaki. Ɗaruruwan mutane, ba mai motsi, wanda tari ya kama sai ya danne shi kamar ya yi sata. In mawaƙiya ta kai ƙarshen waƙarta a tafa mata, sannan shiru ya sake rufe ɗakin. Da matar da ta fito a Carmen ta gama waƙarta ta farko, hannuna ya tafi aljihu da kansa. Amma tsakanina da ita akwai benaye da ramin makaɗa, babu sanƙira, kuma da na miƙa ko jika goma ce ba za ta canza ko gaɓa guda a cikin abin da Bizet ya rubuta ba.

Labarin dai bai yi mini baƙunta ba. Na san shi tun daga ɗan littafin Prosper Mérimée na 1845, kuma ko ban karanta ba na san irinsa a gida: soja ya bar aikinsa da uwarsa da yarinyar da aka yi masa zaɓi, ya bi mace mai zaman kanta wadda ta faɗa masa tun farko ba ta ɗaurewa. Da Escamillo, mai wasa da bijimai, ya shigo yana wasa kansa da sana'arsa jama'a na amsa masa, sai na ga ɗan kokowa ne ya shigo fili yana kirari, ko ɗan mahauta ranar hawan ƙaho. Da Carmen ta baje karta ta ga mutuwarta a ciki, duba ne irin wanda aka sani. Taron da ke bayansu kuma ƴan amshi ne da aka ɗinka ma tufafi.

Abin da ban taɓa ji ba a gida shi ne mutum huɗu ko biyar su riƙa waƙa a lokaci guda, kowa da maganarsa, kowa da hanyar muryarsa, kuma abin ya haɗu ya zauna. A wurinmu jagora ya bayar, ƴan amshi su karɓa, wani lokaci su hau kan ƙarshen maganarsa, amma hanya guda ake bi. A fitowa ta ƙarshe ta Carmen, ana jin taro a cikin fili na yi ma gwanin bijimai shewa, a waje kuma sojan na roƙon matar, daga baya ya soke ta. Murna da kisa cikin kunne guda, ba wanda ya danne wani. Wannan gini sai da alƙalami, domin sai an zauna an auna kowace murya da ƴar'uwarta a kan takarda. Takardar ce kuma ta rayar da aikin. An fara nuna Carmen a Paris ranar 3 ga Maris 1875, ba ta samu karɓuwa sosai ba, Bizet ya mutu bayan wata uku yana da shekara 36, bai ga abin da ta zama ba. Ga shi ana rera ta yau kamar yadda ya bar ta. Narambaɗa kuwa, abin da muke da shi nasa shi ne wanda aka yi sa'ar naɗa, sauran ya bi shi kabari. Sai dai takarda tana da nata farashin. Shata kan sake fasalin waƙa gwargwadon wanda ke zaune gabansa da abin da ya faru a garin a makon, abin da mawaƙin opera ba shi da izinin yi.

Bayan na dawo ne na bi asalin abin, kuma a nan na ga zumuntar da ban zata ba. Opera ɗiyar fada ce. Ɗaya daga cikin na farko-farko, Orfeo ta Monteverdi, an yi ta ne a 1607 a birnin Mantuwa na ƙasar Italiya, a gidan sarautar Gonzaga. Da busa ake buɗe ta, busar da masana ke ɗauka ita ce ta gidan, wato takensu, sau uku. Sannan mawaƙiya ta fito ta fara da yabon manyan da ke zaune, kafin a shiga labari. Labarin kansa na mawaƙi ne da matarsa ta mutu, ya bi ta har lahira ba shi da makami sai muryarsa da molonsa, ya yi ta roƙo a bakin ƙofa, har matar sarkin wurin ta sa baki aka ba shi abin da ya nema, bisa sharaɗin da ya kasa riƙewa. Duk wanda ya taɓa ganin maroƙi ya kafe a ƙofar gida har uwargida ta ce ma maigida ya sallame shi, ya san wannan wasa. Abin da ya raba hanyarmu da tasu ya faru ne a 1637, da aka buɗe gidan opera a Banis wanda kowa ke shiga da kuɗinsa. Daga nan mawaƙi ya fara samun abinci daga taron da bai san sunan kowa a cikinsa ba.

Namu makaɗan sun tsaya ne a tsakiyar kogi. Sarakuna ba su da ƙarfin da suke da shi na ba da doki da riga da damin hatsi, attajiran yau kuma da yawansu sun fi son a yabe su cikin situdiyo da fiyano. Tikiti bai kafu ba, domin Bahaushe bai saba biya kafin a kira sunansa ba. Kaset, wanda ya ɗan kawo ma wasu kuɗi, ya mutu, yanzu yaro ne a bakin tasha da kwamfuta zai zuba maka waƙa ɗari a memori da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, mai waƙar kuma ko dala ba ta isa hannunsa. Akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa a Yamai, amma tsohon mai goge na ƙauyen Korgom ko Isawan ba da shi aka yi tsarin ba.

An yi ƙoƙarin dasa opera a Sahel. Yarima Claus na ƙasar Holan, wanda ya rasu a 2002, shi ya kawo shawarar, kuma a watan Fabrairu na 2007 aka nuna Bintou Wéré a Bamako, daga baya a Amsterdam da Paris. Zé Manel Fortes na Gine Bisau ya tsara kiɗan, Koulsy Lamko na Cadi da Wasis Diop na Senegal suka rubuta labarin, aka rera shi cikin harsunan yankin, da kora da balafon a maimakon kayan Turai. A bidiyo na kalle ta. Labarin wata yarinya ce mai ciki da ta bi ayarin matasa zuwa shingen Melilla, da burin haihuwa a ɗaya ɓangaren. Lokacin da na fara kallo na ɗauke shi labarin mutanen yamma. Sai a watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, yawancinsu kuma daga Kance, maƙwabtanmu na gabas. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Da na sake kallon wasan bayan wannan, ban iya kai shi ƙarshe a zama guda ba.

Tambayar da abokan aiki kan yi mini cikin raha ita ce ko za a iya opera da Hausa. Mutanen Afirka ta Kudu sun mayar da Carmen harshen Xhosa, suka yi fim da ita a unguwar Khayelitsha, ya ci babbar kyautar Berlin a 2005. Ke nan fassara mai yiwuwa ce, har a harshe mai karin sauti irin namu. Amma ni ba ita nake buri ba. Kalmar Hausa na zuwa ne da hawanta da saukarta da tsawon gaɓoɓinta, mawaƙin gargajiya kuma bin su yake yi, shi ya sa kalangu ke iya maimaita maganarsa. In aka ɗora ta bisa karin da aka yanka ma wani harshe, sai ta riƙa ɗingishi, kamar yadda ake ji a wasu waƙoƙin finafinan Kano da aka gina kan karin Indiya. Kayan gini kuwa muna da su. A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawa ke shiga rigar sarki da gwamna da minista su kwaikwaye su a gabansu. Akwai wasan kwaikwayon da su Yazi Dogo suka raya a rediyo da talabijin. Akwai tashe, akwai ƴan kama. Labari ma ba sai an je nesa ba. A Dankori aka harbe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli 1899, kwana kaɗan bayan haka sojojin Voulet da Chanoine suka juya suka kashe su, kaburburansu na nan Maijirgi, bayan sun bar garuruwa a ƙone tun daga Kwanni. Abdulaye Mamani ya ɗauki ɓangaren Sarauniya ya yi littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Ɓangaren ƙasar Tasawa, inda abin ya ƙare, yana bakin tsofaffi har yanzu. In na rufe ido ina jin yadda za a yi shi: kakakin fada a gefe guda, begilar soja a ɗaya gefen, mata masu daka su zama ƴan amshi.

Ta fannin abin da ido ke gani ba zan daɗe ba, domin kunnena ya fi idona ilimi. Na shiga Palais Garnier da rana tare da ƴan yawon buɗe ido, na ɗaga kai na ga rufin da Chagall ya zana a 1964, launuka na yawo kamar an watsa zannuwan biki a sama. Na shiga gidan tarihi na Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006, na ga kayan Afirka cikin duhu da fitila a kan kowanne, an ba su girma ƙwarai, an kuma raba su da hannayen da suka san amfaninsu. Ribar da na samu ita ce, da na dawo na shiga ɗakin gwaggona a Mayahi sai na tsaya. Jerenta ne, wanda na gani sau dubu: kwalla bisa kwalla har rufi, manya a ƙasa, an bi launi an bi girma, fayafai a bango, ƙwarya mai sassaƙa a tsakiya. Ta fi shekara talatin tana gyara wannan bango, tana cirewa tana ƙarawa. Na ce mata, “Gwaggo, a Turai da kuɗi ake shiga kallon irin wannan.” Ta ce, “To kai ma ajiye naka kafin ka fita.” Haka nan tabarmar kaba da matan Gulbin Kaba ke saƙawa, da aska takwas a ƙirjin riga, da zanen bangon gidajen Birni a Damagaram. Masallacin Yama a jahar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Mutanen waje sun zo sun gani, mu kuwa da yawanmu mun bi ta kusa da shi a mota ba mu tsaya ba.

Ba zan ɓoye ba cewa sha'anin kiɗa a jahar Maraɗi yana tafe da gardamar addini. Gardamar tsohuwa ce, malaman jihadi sun yi rubutu a kanta, sun halatta wani sun hana wani, su da kansu kuma da waƙa suka karantar da jama'a, har Nana Asma'u. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka yi a Yamai ta rikiɗe a Maraɗi, aka ƙona wurare, har da na ƴan bori. Tun daga nan masu goge da yawa suka koma kaɗawa a ɓoye ko suka ajiye. Ni Musulmi ne, ban kuma zo kare bori a matsayin aƙida ba. Amma kowane iska a bori yana da nasa kiɗan, tarin karin da aka gada ɗaruruwan shekaru, kuma wanda ke son jin su a rubuce yau sai ya nemi aikin da Bajamushe Veit Erlmann ya yi da Habu Magaji a kan girka, wanda ya fito a 1989. Sa'adu Bori, ɗan Maraɗi, ya ɗauko wasu daga cikin waɗannan karin ya sa su cikin jita da gangunan zamani, duk ƙasar ta yi rawa, sannan haɗarin mota ya ɗauke shi a 2008. Bikin aure a Tasawa yanzu, in ba na gidan sarauta ba, galibi saurayi ne da janareto da manyan lasifika. Ina jin waƙoƙin, wasu ma suna da daɗi, ɗiyata ta koya mini sunayen mawaƙan. Sai dai na'urar ba ta san kakan amarya ba.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ni da ke cin abinci da biyu daga cikin ukun, an yi ta tambayata ko murna nake ko fargaba. Abin da ya fi damuna shi ne abin da za a zuba cikin darasin. In Hausa a lakwal ta tsaya ga nahawu da ƙa'idar rubutu, aka bar take da kirari da zuga da habaici a waje, to an shigo da ƙwarya an bar furar. Kuma ban ga dalilin da zai sa yaron da ya iya rarrabe salon Ɗan Maraya da na Haruna Uje a hana shi jin Monteverdi ba, ya auna da kansa, cikin harshensa.

Don haka bara na ba ɗaliban wani aji aikin hutu: kowa ya kawo take guda daga garinsu, ya rubuta maganar da gangar ke faɗi, ya sa alamar hawa da saukar murya, ya faɗi na wane ne. Wasu sun kawo, wasu sun ce a garinsu babu sauran mai kaɗawa. Wani yaro mai shiru-shiru daga wajen Kanambakashe ya jira kowa ya fita, sannan ya faɗa mini cewa kakansa makaɗi ne, amma kada in faɗa a aji. Sai da muka yi makonni kafin ya yarda a gayyato tsohon.

Ya zo ranar wata Asabar da kalangunsa cikin buhu. Na zaunar da yara a layi, na ce kowa ya yi shiru, kamar yadda na gani a akurkin kaji. Tsohon ya rataya kalangu, ya dube su, ya dube ni, ya ce, “Mushe, wa zan kira?” Na ce, “Baba, kaɗa duk abin da ka ga dama.” Ya ce shi bai iya kiɗa ma iska ba. Sai ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ɗan wane ne, daga wane gari, wace sana'a ake a gidan. Wanda ya san gidansu sai ya kaɗa masa. Ɗan maƙera ya gane nasu tun bugu na uku, ya miƙe tsaye ba tare da an ce ya miƙe ba. Wata yarinya jikar sarkin noma ba ta gane nasu ba sam, sai da ya faɗa mata da baki, ya sake kaɗawa a hankali, ya sa ta maimaita. Kafin azahar layin ya watse, an yi da'ira, kuɗin karin kumallon yara da yawa ya koma aljihun tsohon, nawa ma ya bi su.

Mun naɗi abin da ya kaɗa a salula. Da zai tafi ya nuna mini fatar gefe guda da ta fara tsagewa, ya ce mai gyaran da ya saba kai ma ya rasu, sai dai ya aika Maraɗi. Jikan ne ya karɓi aikin rubuta taken, ina duba masa alamomin sauti duk ranar Laraba bayan an tashi. Akwai guda uku da har yanzu muke gardama a kansu, domin abin da tsohon ya faɗa da baki da abin da kalangun ya faɗa ba su zo daidai ba, kuma sai an sauke gero za mu samu komawa wurinsa mu tambaya.